Kafin a Sauke Yashi da Bulo

 Yau maganar fili za mu yi, amma ba filin da ake saya a gina gida ba. Muna nufin filin nan da ke tsakiyar unguwa ko bayan makaranta, inda samari ke buga ƙwallo da la'asar, yara na langa, dattawa na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, inda ake kafa rumfa in biki ya tashi, kuma nan ake sahu in an yi rasuwa masallaci ya kasa ɗaukar mutane. Duk wanda ya zauna a birni ya san yadda irin wannan fili yake ɓacewa. Wata rana da sassafe sai a ga mutum biyu da igiyar awo suna zagaye shi. Bayan mako guda a tarar an binne dunƙulen siminti a kusurwoyi huɗu. Sai tifa ta zo ta juye yashi daidai inda mai tsaron gida ke tsayawa, samari su ɗauke duwatsun da suke alamar raga da su, su matsa gefe. Sai bulo ya iso. A ranar ne unguwa ke tashi da ihu, a tafi gidan mai unguwa, a kira gidan rediyo, a rubuta takardar koke. Shi kuwa mai ginin ba ya ko ɗaga murya. Takarda yake zarowa daga aljihu, mai hatimi da sa hannu, wadda aka rubuta watanni shida ko shekara guda kafin kowa ya ga igiyar awo.

Abin da nake so mu tsaya a kai ke nan. Ba a ranar da aka sauke yashi ake rasa fili ba. A kan teburin wani ofis ake rasa shi, ranar da aka buɗe taswira aka ga wurin fari fat, babu suna, babu lamba, babu wanda ya taɓa rubutowa ya ce yana da masu shi. A idon 'yan unguwa filin kowa ne, a idon takarda kuwa ba na kowa ba ne, kuma hukuma da takarda take aiki. Saboda haka wanda yake son garinsu ya sami wuraren shan iska da na wasanni, aikinsa na gaban masu riƙe da alƙalami ne, wato gwamna da kwamishinan ƙasa, da hukumar tsara birane, da ɗan majalisar jiha, da ciyaman da kansila, kuma lokacin aikin shi ne tun filin yana nan ba wanda ya taya. Abin da ya biyo bayan haka ihu ne bayan hari.

Akwai masu ganin wurin shaƙatawa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Gaskiya ne lambun da ake shuka furanni a jera kujerun ƙarfe daga waje ya zo, amma ware fili domin amfanin kowa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Garin da ba shi da dandali a ƙofar fada ai bai cika gari ba. Akwai filin idi, da filin sukuwa, da fagen dambe da kokawa bayan kaka. Akwai hurumi, wanda ba a noma shi ba a gina shi, akwai burtali da makiyaya. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12, ba gidaje kawai ta kewaye ba. Ta haɗa da fili mai faɗi da gonaki, don in an yi wa gari ƙawanya mutane su sami abin ci, dabbobi su sami wurin kiwo. A fiƙihu ma akwai babin hima da harimi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin amfanin jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma malamai sun yi bayanin cewa gari da rijiya da kogi kowanne yana da kewayen da ba a mallaka wa mutum ɗaya. Abin da ya tsare waɗannan wurare shekaru aru-aru shi ne al'ada da kunya da idon dagaci. Kowa ya san iyakar hurumi ko da ba a kafa turke ba. Matsalarmu a yau ita ce ikon ƙasa ya bar hannun waɗanda suka san iyakar da ka, ya koma hannun waɗanda sai abin da suka gani a fayil.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna, amma da sharaɗin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: riƙon amana ne, domin amfani da moriyar dukkan 'yan Najeriya. Filayen cikin birni gwamna ke da iko da su kai tsaye, na karkara kuma suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye a layi ɗaya da tituna da fitilun kan hanya da magudanun ruwa. Wato ciyaman da ya gina wurin wasan yara ba alfarma ya yi ba, aikinsa ya yi, daidai da yashe kwata. Sannan akwai dokar tsara birane ta 1992, da hukumomin jiha irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, waɗanda su ke amincewa da taswirar sabuwar unguwa. A yawancin irin waɗannan taswirori za ka tarar an bar wurin makaranta, da asibiti, da kasuwa, da buɗaɗɗen fili. Wannan na ƙarshen shi ne maraya. Makaranta tana da ma'aikatar da za ta yi magana a kanta, kasuwa tana da 'yan kasuwa, shi kuwa buɗaɗɗen fili sa hannu ɗaya ya isa a sauya masa manufa, ya wayi gari fuloti goma sha biyu.

Na san abin da wani mai sauraro yake faɗa yanzu a zuciyarsa: malam, mutane na fama da abin da za su sa a baka, asibiti ba magani, aji ɗaya yara fiye da ɗari, kai kuma kana maganar wurin shan iska? Tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce farkon abin da ɗan majalisa zai jefo maka, don haka sai an tanadi amsa. Amsar ita ce a duba wanda ya fi buƙatar filin. Mai hali yana da farfajiya a gidansa, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareto ko sola, 'ya'yansa kuma makarantarsu na da filin wasa. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, shi da mata da yara biyar, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma babu wuta, shi ne wanda bishiya take yi wa aikin da na'ura ke yi wa mai kuɗi. Ku dubi kowace babbar bishiya da ta rage a bakin titi da azahar. Mai facin taya yana ƙarƙashinta, mai shayi ya jingina teburinsa, 'yan adaidaita sun jera, mai wankin hula ya baza kayansa, wani almajiri ya yi matashi da allonsa yana barci. Inuwa ɗaya, amfani biyar. Bishiya tana tare rana kafin ta gasa ƙasa, tana kuma fitar da danshi ta ganyenta, shi ya sa iskar gindinta ta bambanta da ta kan kwalta, wadda ke shan zafi da rana ta riƙa amayo shi har tsakar dare. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi da marasa lafiya. Mu da su yanki ɗaya muke.

Haka batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro kuma awa guda a kullum. Likita zai gaya wa mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙa tattaki, to a ina? A titin da babu gefen masu tafiya a ƙasa, babura na gilmawa ta kowace kusurwa? Yaran da aka ƙwace wa fili kuwa ba daina ƙwallo suke ba. Kan titi suke komawa, su tsaya in mota ta taho, su ci gaba in ta wuce, har ranar da wata ba ta tsaya ba. Sai kuma ruwa. Tsoffin biranenmu cike suke da kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda da damina su ke karɓar ruwan unguwa. An bi su ɗaya bayan ɗaya an cike da shara an gina. Ruwan sama bai san an sayar da wurin ba, in ya sauko yana neman inda ya saba kwanciya, sai ya tarar da ɗakin mutum. Buɗaɗɗiyar ƙasa tana shan ruwa, siminti tura shi gaba yake. Kuɗin da gwamnati ke kashewa kowace shekara a kan buhunan shinkafa da katifu ga waɗanda ambaliya ta shafa, wani ɓangarensa kuɗin filayen da aka sayar ne ake biya a baibai. Maƙwabtanmu na Yamai sun gane darajar keɓe fili tun 1965, lokacin da aka fara shuka shingen bishiyoyi a kewayen birnin, yawanci dogon yaro, har ya haura hekta 2,000, don tare iska da ƙura. Yau an yanka wani babban ɓangarensa an yi gidaje, kuma ba a dare ɗaya aka cinye shi ba, fuloti-fuloti aka bi shi.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi fitowa daga bakin jami'ai: gwamnati na buƙatar kuɗin shiga, fili a zaune ba ya kawo ko sisi, shaguna kuwa suna kawo haraji da aikin yi. A nan ma akwai gaskiya, gari ba ya rayuwa sai da kasuwa. Amma shago ana iya gina shi a wurare dubu, ana iya ɗora shi hawa uku, ana iya kai shi sabuwar unguwa. Buɗaɗɗen fili a tsakiyar gari kuwa in ya tafi ya tafi, don dawo da shi sai an yi rusau. Kano ta ga wannan da idonta. An gina shaguna a jikin Filin Idi na Ƙofar Mata a zamanin wata gwamnati, da sabuwar gwamnati ta hau a 2023 ta rushe su a watan Yuni, 'yan kasuwa suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Ba ina nan don in raba gardama tsakanin ɓangarorin siyasa ba, kowa ya san inda ya tsaya. Abin lura shi ne lissafin: wanda ya sayi shago ya yi asara, baitulmali ya shiga bashi, zumunci ya ɓaci, duk a kan wurin da tun farko da an ɗaure shi da doka mai ƙarfi, wadda sai majalisa ta zauna a bainar jama'a kafin a taɓa shi, da ba wanda zai yi tunanin yanka shi. Legas ta bi wata hanya. A 2011 ta yi dokar da ta kafa hukuma ta musamman mai kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, LASPARK, kuma wuraren da a da suke matattarar shara a ƙarƙashin gadoji da mahaɗar tituna suka sami mai kula da su, mai kasafi, wanda za a iya tuhuma in sun lalace. Ko ba komai, marayan ya sami uba.



Labarin da ya fi shahara a Afirka a wannan fage ya faru ne a Nairobi, babban birnin Kenya. A tsakiyar birnin akwai wani lambu mai suna Uhuru, wanda aka buɗe a 1969, inda talakawan gari ke hutawa. A 1989 aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa, na kamfanin jaridar jam'iyya mai mulki, har da ƙaton mutum-mutumin shugaban ƙasa Daniel arap Moi. Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen bishiyoyi tun 1977, ta ji labari tun ba a haƙa harsashi ba. Ba ta fara da zanga-zanga ba, da wasiƙu ta fara. Ta rubuta wa ofishin shugaban ƙasa, da hukumar birnin, da ministan muhalli, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da jakadan Birtaniya, tana kuma miƙa wa 'yan jarida kwafi. A majalisar dokoki aka yi mata ba'a, aka ci mutuncinta da maganar mutuwar aurenta, aka kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnati da take zaune a ciki. Ta kai ƙara, kotu ta yi watsi da ƙarar a kan cewa ba ta da hurumin shigar da ita. A takarda ta faɗi. Sai dai wasiƙun sun riga sun isa kunnen masu ba da bashi na ƙasashen waje, suka fara tambayar yadda ƙasar da ake bi bashi za ta ciyo wani domin gina irin wannan bene, suka janye. Ba a yi ginin ba, lambun yana nan har yau, ita kuma a 2004 ta zama macen Afirka ta farko da ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Mutane kan ba da wannan labari domin jarumtar matar, kuma ta cancanta. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar. Ta san zancen da wuri. Ta sa komai a rubuce, don jami'i yana iya musanta abin da aka gaya masa a zaure, ba ya iya musanta wasiƙar da sakatarensa ya buga wa hatimin karɓa. Ta gano inda kuɗin aikin zai fito, ta nufi can. Sannan kada mu manta tsadar da ta biya. Ba kowace unguwa ce za ta sami mai irin wannan zuciya ba, kuma bai kamata a ce sai an sami wanda zai sadaukar da mutuncinsa kafin yara su sami wurin wasa ba. Ceton fili bayan an riga an yi masa ciniki yaƙi ne. Yi masa rajista tun ba a taya ba kuwa aikin takarda ne da zirga-zirgar ofis, wanda dattawa biyar masu haƙuri za su iya.

Akwai wata hujja da ta fi waɗancan ƙarfi a wajen iyaye da malamai, kuma ba na raina ta. Sukan ce irin waɗannan wurare matattarar 'yan shaye-shaye da 'yan daba ce, in dare ya yi kuma wurin baɗala. Wanda ya faɗi haka ba ƙarya ya yi ba, ya ga misalai. A Abuja ma wurare da dama da aka ware a matsayin lambuna an ba da hayarsu sun koma mashaya. Amma a duba da kyau wane irin wuri ne ɓata-gari ke so. Kango suke so, da ginin da aka fara aka bari, da lambun da aka kewaye da doguwar katanga aka kulle aka manta da shi, ciyawa ta kai ƙugu, babu fitila, babu mai gadi. Filin da ake gani daga kowane ɓangare, mai fitilar sola, wanda ƙungiyar ƙwallo ke atisaye a kai da yamma, mai ƙosai na suya a gefe, dattawa na zaune, ba ya yi musu daɗi, don idanu sun yi yawa. Saboda haka wannan damuwa ba dalilin barin neman fili ba ce, dalilin shigar da sharuɗɗa ce a cikin buƙatar tun farko: gajeren shinge da ake hango ciki, lokacin buɗewa da rufewa, wurin alwala da salla, banɗaki mai tsafta, ɓangaren mata da ƙananan yara ko ranakun da aka keɓe musu, da kwamitin unguwa mai faɗa a ji. Batun mata ma ya isa a yi masa shiri guda. Namiji yana da majalisa a ƙofar gida, yana da teburin mai shayi. Mace mai goyo da ke son ta fita da yaranta su sha iska ba gidan biki ba, ba asibiti ba, wurare nawa gare ta a garinku? A Kano, ban da gidan zu da Gwamna Audu Baƙo ya gina a farkon shekarun 1970, wanda ranar salla ba ka samun wurin sa ƙafa, lissafin ba shi da tsawo. Cunkoson ranar sallar nan kansa shaida ce da za a iya ajiyewa a gaban kowane kwamishina.

Sai masu cewa ba mu da ruwan da za mu shayar da lambu alhali famfo ba ya kawowa. Wannan kuskuren hoto ne, an ɗauka wurin shaƙatawa sai da koriyar ciyawa irin ta Ingila. Tsamiya da maɗaci da kanya da ceɗiya da durumi da darbejiya ba sa neman komai in sun wuce shekara biyu ko uku na farko, sai kariya daga awaki. Filin ƙwallo na ƙasa, da inuwa a kewaye, da benci na siminti, ya wadatar. Birnin Alƙahira ya fi mu ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba, amma a 2005 aka buɗe lambun Azhar mai faɗin hekta 30 a kan tudun da aka shafe shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta kashe dala miliyan 30, aka binne manyan tankunan ruwan sha na birnin guda uku a cikinsa, kuma wajen haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddin da ta nutse a cikin juji. Ba cewa nake kowace jiha ta nemi dala miliyan 30 ba. Abin dubawa shi ne juji ma fili ne, haka kwari, haka gefen rafi da bai kamata a gina ba, haka jikin ganuwa. Kuma ƙananan wurare ashirin a cikin unguwanni sun fi babba guda ɗaya amfani. Lambun Millennium da Sarauniyar Ingila ta buɗe a Maitama ta Abuja a Disambar 2003 yana da kyau ƙwarai, amma yaron Nyanya sai an biya masa kuɗin mota zuwa da dawowa. Wurin da yaro ba zai iya zuwa da ƙafa cikin 'yan mintuna ba, wurin yawon salla ne kawai.

To yaya ake shiga ofishin? Ba da zagi ba, ba kuma da roƙo irin na maula ba. A je da takarda shafi ɗaya, wadda ta faɗi inda filin yake, faɗinsa da tsawonsa, hotonsa da yamma lokacin da ya cika da yara, adadin makarantu da gidajen da ke kewaye da shi, da sa hannun mai unguwa da liman da shugabar mata da kocin samari. In an sami likita ko ma'aikacin tsara birane ɗan unguwa ya sa baki, ya fi. Buƙata kuma ta zama guda, a fili: a auna wurin, a ba shi lamba, a buga shi a gazet ɗin gwamnati a matsayin filin jama'a, a kafa allo mai ɗauke da wannan lamba. In ana shakkar ko an riga an ba wani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubutawa ya nemi kwafin taswirar unguwa, kuma kwana 7 ta ba hukuma ta amsa. A lura da lokaci kuma. Ma'aikatu suna haɗa kasafinsu tun tsakiyar shekara, gwamna ya kai wa majalisa wajen ƙarshenta. Wanda ya zo a watan Fabrairu za a ce masa an riga an rufe, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Sannan a nemi layin kula da wurin a kasafi, albashin mai gadi da mai ban ruwa, don abin da ya kashe yawancin lambunan da aka taɓa yi shi ne an sami kuɗin yanka kirtani, ba a sami na tsintsiya ba.

Shi ɗan siyasa mutum ne mai lissafi, kuma ba laifi ba ne a yi masa magana da lissafinsa. Yana neman aikin da za a gani, mai araha, wanda za a gama kafin zaɓe. Katange fili da dasa bishiya ɗari da kafa raga biyu bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma samarin da ke wasa a kai su ne masu katin zaɓe. A ce masa, ranka ya daɗe, ga aikin mazaɓa da za a riƙa ambatonka da shi kullum la'asar. In yana son a sa sunansa a allo, a sa. Allon ba ya rage inuwa. Masu hali ma a tuna musu cewa wakafi bai tsaya ga masallaci da rijiya ba, fili da bishiyoyinsa sadaka ce mai gudana, in dai an rubuta an kai wa hukuma don kada magada su tayar da zancen.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata masu wannan fafutuka su kiyaye. Kada neman wurin shaƙatawa ya zama sandar korar talaka. Shahararren lambun nan na tsakiyar birnin New York a Amurka, da ake ta misali da shi, sai da aka tashi mutane kusan 1,600 a shekarun 1850 kafin a yi shi, ciki har da wata unguwa mai suna Seneca wadda yawancin masu gidajenta baƙaƙen fata ne. Gyaran gari da ke farawa da kifar da tiren mai goro ba shi muke nema ba. Mai shayi da mai ƙosai a tsara musu wuri a ciki, su ne masu gadin da ba a biya. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba kullum daga sama ɓarnar take zuwa ba. Maƙwabcin da ya turo katangarsa taku uku, da wanda ya mai da gefen filin juji, da dillalin da ke zaune a cikinmu yana kai rahoton inda ya ga sarari, duk 'yan unguwa ne. Kwamishina ba zai ɗauki koke da muhimmanci ba in ya aiko a duba aka tarar masu koken ne ke zuba shara a wurin.

Saboda haka ɗan'uwa mai sauraro, da ke 'yar'uwa, in akwai sauran fili a unguwarku, kada ku jira ganin igiyar awo. A cikin makon nan ku share shi, ku auna shi ko da taku ne, ku ɗauki hotonsa, ku zauna da mai unguwa da kansila, ku rubuta wa hukumar tsara birane ku tambayi matsayinsa a taswira, ku kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Masu girma 'yan majalisun jihohi da ke jin mu, muna roƙon ku da dokar da za ta hana sauya manufar kowane filin jama'a sai an sanar, an saurari mutanen wurin, majalisa ta amince.